Yaƙin Rozgoni bai gama da manyan Hungari a rana ɗaya ba

An daɗe ana faɗin cewa a ranar 15 ga Yuni 1312, a Rozgoni, Sarkin Hungari Charles na Ɗaya ya murƙushe Máté Csák, ɗaya daga cikin manyan masu ƙarfin ƙasar, ya kawo ƙarshen gidajen sarautar da suka yi wa Hungari kashin dankali. Ba haka abin yake ba.

Máté Csák ma bai taka filin dagar ba. Sojoji ya aiko. Waɗanda suka ja daga da sarki 'ya'yan Amadé Aba ne, wani babban mai ƙarfi wanda mutanen birnin Kassa suka kashe a 1311 saboda yana neman mallake garinsu. Sarki ya goyi bayan 'yan birni, 'ya'yan suka nemi taimakon Csák.

Kuma da ƙyar sarki ya samu nasarar. Mai riƙe da tutar sarki ya faɗi, sai sarki ya ci gaba da yaƙi ƙarƙashin tutar mayaƙan Hospitaller, wata ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista, har dakarun Kassa suka afka wa abokan gaba ta gefe. Filin yana ƙasar Slobakiya a yau, kusa da Košice, wato Kassa ta da.

Gidan Aba ya karye, wannan gaskiya ne. Amma Csák ya ci gaba da cin karensa ba babbaka a arewa maso yamma, daga ganuwarsa ta Trencsén, har ajali ya ɗauke shi a 1321. Sarki kuwa Temesvár ya koma da zama, yana fama da gidajen Kőszegi da Borsa ɗaya bayan ɗaya, kuma sai a 1323 ya kafa fadarsa a Visegrád.