Hysteria da kalmomin Turanci masu alaƙa da ita

Hysteria kalma ce ta Turanci da a da likitoci ke kiran wata cuta da ita, wadda mutum zai riƙa suma ko karkarwa ko shaƙewa, ko ma hannu ko ƙafa su ƙi motsi, amma in an duba jikin ba a ga wani ciwo ba. Yanzu dai likitoci sun daina amfani da ita a matsayin sunan cuta, sai dai tana nan daram a bakin mutane da jaridu, inda take nufin firgita ko ruɗewar da ta wuce kima. 'Yan uwanta su ne hysterical da hysterics da kuma mass hysteria.

Asali

Tushenta Girkanci ne, daga hystera, wato mahaifa. Tsofaffin likitocin Girka sun ɗauka cewa mahaifar mace tana iya barin wurinta ta riƙa yawo a cikin jiki, in ta hau sama ta danne ƙirji sai numfashi ya ɗauke, kuma wai hakan ya fi samun 'yan mata da zawarawa, shi ya sa maganin da suka fi bayarwa shi ne aure da haihuwa, ko kuma a sa mata abu mai wari a hanci a turara ƙamshi ta ƙasa don mahaifar ta gudu ta koma mazauninta. Galen, wani shahararren likita da ya rayu a ƙarni na 2, bai yarda mahaifa na yawo ba, amma shi ma ita ya ɗora wa laifin.

Ana yawan cewa abin ya faro tun daga wani rubutun Masar na kusan shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma wai Hippocrates, tsohon likitan Girka, ne ya raɗa sunan. Masana tarihi irin su Helen King sun musanta hakan.

Yadda ta shiga Turanci

Kafin hysteria, Turawan Ingila the mother suke ce wa cutar, don a tsohon Turanci ana kiran mahaifa da wannan sunan na uwa. A 1602 aka gurfanar da wata tsohuwa, Elizabeth Jackson, a Landan bisa zargin ta kama kurwar wata yarinya 'yar shekara 14 mai suna Mary Glover da ke ta suma tana shaƙewa. Likita Edward Jorden ya tsaya a kotu ya ce wannan cuta ce ba maita ba, ba a saurare shi ba, aka ɗaure tsohuwar, shi kuma a 1603 ya fitar da ɗan littafi a kan cutar. A nan kam kalmar ta yi aikin alheri, don ƙoƙari ne na ceto mace daga zargin maita.

Hysterical ta bayyana wajen farkon ƙarni na 17, hysterics a ƙarni na 18, ita hysteria kanta ƙamusoshi sukan sa ta wajen 1801. A tsakanin nan akwai wasu sunayen irin wannan ciwo, vapours da spleen, waɗanda masu hali suka fi so a ce suna fama da su. Likita Thomas Willis a wajen 1667 ya ce matsalar a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi take ba a mahaifa ba, likita Thomas Sydenham kuma ya ce maza ma na yin irinta, sai dai tasu hypochondria ake ce mata. Alamu iri ɗaya, suna daban, don kawai majinyacin namiji ne.

A ƙarni na 19 ne ta kai ƙololuwa. Jean-Martin Charcot a asibitin Salpêtrière na birnin Paris ya riƙa nuna mata majinyata a gaban ɗalibai da 'yan kallo, ya kuma tabbatar da cewa maza na kamuwa. Sigmund Freud ya yi karatu a wajensa daga 1885 zuwa 1886, sannan shi da Josef Breuer a 1895 suka kawo ra'ayin cewa damuwar da aka danne ce ke fitowa ta jiki. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta rushe ta a matsayin rukunin cuta a kundinta na 1980, aka rarraba ta zuwa sunaye irin su conversion disorder, wanda yanzu aka fi kira functional neurological disorder. Ciwo ne na gaske fa, mai shi ba da gangan yake yi ba.

Amfaninta a yau

In aka ce mutum hysterical ne, ana nufin ya fita hayyacinsa da kuka ko ihu. Tun wajen 1939 kuma tana nufin abin ban dariya sosai, haka in hysterics na iya zama kuka ko dariyar da ta ƙi tsayawa. Da yawa na ƙin a jefi mace da kalmar, kuma suna da gaskiya, don an daɗe ana toshe bakin mai koke da ita maimakon a ji abin da ke damunta. Hysterectomy, tiyatar cire mahaifa, tushensu ɗaya. Histrionic kuwa kama kawai suka yi, ita daga kalmar Latin ta ɗan wasan kwaikwayo ta fito.

Mass hysteria

Ita ce idan alamun suka bazu cikin jama'a ba tare da ƙwayar cuta ko guba ba, likitoci sun fi cewa mass psychogenic illness. Misalan da aka fi kawowa su ne rawar da ta kama mutanen Strasbourg a 1518, da annobar dariya da ta fara a wata makarantar 'yan mata a Kashasha ta Tanganyika (yanzu cikin Tanzaniya) a 1962 har aka rufe makarantar. Jaridun Turanci kan sa wannan sunan idan ɗalibai mata suka riƙa faɗuwa a makarantu a arewacin Najeriya ko Nijar, su kuwa iyaye da malamai aljanu suke cewa, a kira masu ruƙiya.