Waƙar da ta yi tashe, ta wa ce?

An daɗe ana ɗauka cewa idan waƙa ta yi tashe, ta mawaƙin ce, kuɗinta kuma aljihunsa suke shiga. Ba abin mamaki ba ne, tunda muryarsa ake ji.

Amma a Amurka, inda kiɗan pop-punk (wani salon kiɗan jita mai sauri) ya bunƙasa a shekarun 1990, haƙƙi biyu ne kan waƙa: na marubucinta, da na sautin da aka naɗa, wanda galibi kamfanin da ya fitar da waƙar ke riƙewa. Kuɗin da kamfani ke ba mawaƙi tun farko ma, daga rabonsa ake cirewa kafin ya ga sisi. Shi ya sa wasunsu suka kafa kamfanoninsu.

Mai son tabbatarwa ya duba bayan faifai ko ƙasan shafin kundin waƙoƙin a intanet: sunan da ke bin alamar ℗ shi ne mai sautin.

A tura wa 'yan'uwa su ma su gani.