Kuzar Jos da gumin lebura: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi zai riƙa ganin manyan kududdufai a gefen titi, ruwansu kwance tsit, kusa da su kuma ga tarin jar ƙasa kamar ƙananan duwatsu. Baƙo yakan ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Ramukan kuza ne, kuma da yawansu a kan mutane aka kwashe ƙasarsu, kwano bayan kwano.

Shin Turawa ne suka gano kuza a wannan yanki?

A'a. Tun kafin zuwansu akwai masu narkar da kuza a Ririwai ta ƙasar Kano, suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Ita Turawan kamfanin Neja suka gani, suka bi sawunta har tsaunukan Jos a farkon shekarun 1900. Zuwa 1914 an ja siririn layin dogo daga Zariya zuwa Bukuru, ba don fasinja ba, don a fitar da kuza zuwa teku, daga nan sai Ingila.

Su wa suka yi aikin, kuma yaya yake?

Akawu da makanikai da sauran masu sana'a yawancinsu daga kudu suka zo. Ƙarfin aikin kuwa, wato diga da shebur da kwano, yana wuyan 'yan cin rani daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato, Bauci da Borno, sai kuma 'yan ƙasa irin su Birom, har da matansu da ke dakon ƙasa. Ba kwaɗayi ya kawo yawancinsu ba. Gwamnati ta ce haraji sai da tsabar kuɗi, ga shi a ƙauye kuɗin ba su cika zagayawa ba. Da an gama girbi sai saurayi ya rataya ƙunshinsa ya nufi bariki.

Kuza ba a saman ƙasa take ba. Sai an yaye ƙasar da ke bisa, wani lokaci mai zurfin gaske, kafin a kai ga tsakuwar da take ciki. A cika wa mutum kwano, ya ɗora a ka, ya hau gangaren rami, ya juye, ya dawo. Daga nan a wanke tsakuwar a cikin dogon kwami, ruwa ya tafi da yashi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Mai wanki yini yake tsaye cikin ruwa, kuma wanda ya san sanyin Jos da asuba ya san abin da hakan ke nufi. Wasu ana biyansu a kan yawan aikin da suka yi, wasu a kan nauyin kuzar da suka kawo. Tsakanin lebura da Bature akwai helima, shi ke ɗaukar mutane, ta hannunsa ake sanin wa ya yi aiki, don haka ba a ja da shi.

Manoman Birom kuma asararsu biyu ce: an karɓe gonaki, an bar musu ramuka.

Mene ne gaskiyar maganar aikin tilas?

Nan ne labarin ya fi ɗaci. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wato yankin Malesiya ta yau, wadda ta fi ko'ina fitar da kuza a daular Ingila. Ga yaƙi ana yi, ga buƙatar kuza don gwangwanin abincin soja da haɗa kayan yaƙi. Sai ido ya dawo kan Jos. A shekarar aka kafa dokar ɗiban mutane dole daga lardunan Arewa zuwa filayen kuza, kuma kafin a soke ta a 1944 an ɗebi kimanin mutum 100,000.

Ba Bature ke shiga ƙauye ya kamo mutane ba. Razdan zai yanka wa En'e adadi, En'e ta raba wa hakimai, hakimi ya ɗora wa dagatai. To dagaci zai ba da ɗansa ne, ko ɗan mai kuɗin gari? Wanda ba shi da gata shi ke tafiya, mai abin hannu ya fanshi kansa. A tafi da mutum na wasu watanni, ko da kuwa damina ta faɗi gonarsa na jira.

Ka ɗauko mutumin Sakkwato da ya saba da zafi, da 'yar taguwa ɗaya, ka ajiye shi a tudun da ya haura mita 1,200, cikin bukkar da aka kafa a gaggauce, ruwan sama na dukansa, abinci bai isa ba. Ciwon haƙarƙari da atini suka yi ta ɗaukar mutane. Kuzar da aka fitar ta kai ƙololuwa a 1943, sama da tan 17,000, adadin da ba a sake kai wa ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, waɗannan filaye ba na gwamnati ba ne, na kamfanoni ne masu neman riba, irin su Amalgamated Tin Mines of Nigeria. Kuma Ingila ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas, sai dai an bar ƙofa a cikinta: in ana yaƙi, an halatta.

Su leburorin shiru suka yi?

Makaminsu na farko ƙafa ce. Mutum ya sulale cikin dare ya kama hanyar gida, kuma gudun ya yi yawa har ya zame wa hukuma ciwon kai. Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ƙarfi ne bayan yaƙi, musamman bayan yajin aikin gama-gari na 1945 wanda jagoran ƙwadago Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa. Amma a filin kuza haɗin kai ya yi wuya. Buƙatar akawu mai albashin wata daban take da ta leburan da ya zo neman kuɗin haraji zai koma gona, ga kuma rabuwar ɗan kudu da ɗan arewa, wadda ba ta yi wa kamfanoni zafi ba ko kaɗan.

Inda jini ya zuba a fili shi ne Inugu, wajen masu haƙar kwal. A 1949 ma'aikatan suka shiga jan ƙafa a bakin aiki saboda haƙƙoƙinsu, da aka fara korarsu sai suka zauna a wurin suka ƙi fita. Ranar 18 ga Nuwamba, 'yan sanda suka je mahaƙar Iva Valley kwashe nakiyoyin fasa dutse, aka yi cirko-cirko, Baturen da ke jagorantarsu ya sa aka buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, ba wanda ke riƙe da bindiga a cikinsu. Kisan ya harzuƙa ƙasar, ya ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙarfi.

Me ya durƙusar da manyan kamfanonin?

Kuzar da ke kusa ta ƙare, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa suka fara janye jiki. Faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa sauran.

Yau fa, an daina?

Kamfanoni ne suka tafi, haƙa tana nan. A Jos ana kiran irin ta yanzu loto. Rami ne kamar rijiya, faɗinsa daidai jikin mutum, a zura matashi da igiya, in ya kai ga tsakuwar kuza sai ya fara rarake gefe yana bin ta a durƙushe, fitila ɗaure a goshi. Na sama suna juya ƙarfen da ke naɗe igiya, guga na fitowa cike da ƙasa, mata na kwasa zuwa wurin wanki. Ba katakon tokare, sau da yawa ma a gefen tsohon rami ake haƙawa inda ƙasa ta riga ta yi laushi. Da damina ruwa kan ɓalle ciki, ko rufin ya zauna a kan mutane. Injin zuƙe ruwa kuma, in hayaƙinsa ya sauka rami, yana kashewa ba tare da an ji motsi ba.

A doka, duk ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne, sai da lasisi ake taɓa su. A bakin rami kuwa mai faɗa a ji shi ne wanda ya zuba kuɗi, ya sayi man inji da abinci. In an dace, shi zai fara cire abin da ya kashe, mai gona ya karɓi rabonsa, kuma galibi shi mai zuba kuɗin ne zai sayi kuzar a farashin da ya yanka. Ragowar ita ake kasawa tsakanin waɗanda suka shiga ƙasa. In rami ya rufta, abokan aikin ne ke tono da shebur da hannu, kafin a ga motar hukuma.