Gajerun wayoyin allon fedojin jita: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa 'yar wayar da ba ta kai taki ɗaya ba take bukatar dogon tunani?

Saboda sautin jita a jere yake bi. Ya fito daga jita, ya shiga feda ta farko (ƙaramar na'urar sauya sauti da ake takawa da ƙafa), ya bi waya zuwa ta biyu, haka har ya isa amfilifaya. Allo mai fedoji takwas yana da gajerun wayoyi bakwai a tsakaninsu, wato fulogi goma sha huɗu. Ɗaya kawai ya saki, allon gaba ɗaya ya yi tsit, kuma ba a ɗaki yakan yi hakan ba, sai ana tsakiyar wasa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa jan ƙarfen da ke cikin wayar ba kasafai yake lalacewa ba. Kusan kullum ciwon a wuyan fulogi yake, inda waya ta haɗu da ƙarfe.

Wane irin fulogi ya dace?

Ma'aunin da aka saba shi ne kwata na inci, wato milimita 6.35, mai zobe baƙi guda ɗaya. Kan fulogin ne ke ɗauke da sauti, jikinsa kuma ƙasa ce, wato hanyar da lantarkin ke komawa. Mai zobe biyu na wani aikin ne, kamar fedar da ake sarrafa saitin wata na'ura da ita ko haɗin sitiriyo.

Sai siffa. Miƙaƙƙen fulogi yana cin fili a banza, don haka mai lanƙwasa ake so. Akwai faifaitacce mai kama da waina, irin Switchcraft 228, wanda ke barin fedoji su matso kusa da juna sosai. Aibinsa faɗi: idan ramukan feda a sama suke kuma sun kusanci juna, biyu ba za su zauna gefe da gefe ba, ko kuma ɗaya ya toshe ramin wuta. A irin wannan wuri sirara irin SquarePlug ko wayoyin EBS masu faɗin kintinkiri sun fi. A auna tazarar ramukan kafin a fitar da kuɗi.

Na dalma, na ɗauri, ko na roba da aka zubo daga masana'anta?

Nan ne zancen yake. Fulogin da aka liƙa da dalma, mai murfin da ake kwancewa, shi ya fi ƙarko, kuma in ya lalace minti biyar ya isa a gyara shi. A buɗe murfin a duba: dalmar ta kasance mai sheƙi, ta kwanta lif, ba dunƙule mai toka-toka ba. Sannan a ga akwai abin da ya damƙe rigar wayar, yadda in an ja ta ba mahaɗin zai sha wahala ba.

Na ɗauri, irin George L's da Evidence Audio SIS, ba sa bukatar dalma. A yanka waya daidai tsawon da ake so, a tura, a ɗaure. Suna sa allo ya yi tsaf, amma ingancinsu yana hannun wanda ya haɗa su. Yanka ya karkace kaɗan, ko noti bai ciji garkuwar wayar (jan ƙarfen da ya lulluɓe zaren tsakiya) sosai ba, sai sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa bayan 'yan watanni. Sun dace da allon da aka shirya aka bar shi. Mai yawan sauya wa fedoji wuri ya haƙura da su.

Na roba akwai masu kyau, akwai na banza, kuma ba a iya leƙa cikinsu. Ranar da suka mutu sai shara.

Waya mai tsada tana gyara sauti?

Ba kamar yadda masu talla ke faɗa ba. Abin da ke taɓa sauti a zahiri shi ne kafasitans, wato ɗan cajin lantarkin da waya ke riƙewa, wanda ke rage kaifin jita yayin da waya ke ƙara tsawo. Wayar jita ta yau da kullum tana da kimanin fikofarad (ma'aunin kafasitans) 100 a kowace mita. Yi lissafi: 'yar waya mai santimita 15 ta ba da kusan 15, guda bakwai sun ba da 105. Doguwar wayar mita 6 daga jita zuwa allo ita kaɗai ta kai 600. Ka ga inda kaifin yake tafiya.

Kuma idan akwai feda mai bafa (ɓangaren da ke sa sauti ya jure doguwar waya) a farkon layi, kamar ƙananan fedojin Boss waɗanda bafarsu ke aiki ko an kashe su, abin da ke bayanta kusan bai damu da tsawon waya ba. Ruwan zinare a kan fulogi yana hana dusashewa, amma yawan sawa da cirewa yana goge shi. Nikel ya wadatar.

To, wace waya ake nema?

Mai garkuwar jan ƙarfe da ta lulluɓe zaren tsakiya sosai. Garkuwar nan ce ke tare gunjin wutar lantarki mai bugu 50 a daƙiƙa. Saƙaƙƙiya ta fi juriya, naɗaɗɗiya ta fi laushi, kuma a kan allo laushin yana da amfani. Mogami 2319 da Canare GS-4 sirara ne da masu haɗa allo suka yarda da su. Wayar lasifika kuwa, ko da fuloginta iri ɗaya ne, ba ta da garkuwa. Kada ta kusanci allo.

Idan mutum zai haɗa da kansa, ina ake yawan kuskure?

A baƙar fatar nan. Wayoyin jita da yawa, irin Mogami 2524 da Canare GS-6, suna da wata siririyar baƙar roba a ƙarƙashin garkuwa, manne da farar robar tsakiya. Tana ɗaukar lantarki, an sa ta ne don rage ƙarar da waya ke yi in an motsa ta. Dole a fere ta baya da 'yan milimitoci. In ta taɓa zaren tsakiya, sautin ba zai ɗauke ba, sai dai ya yi ƙasa, ya dushe kamar an rufe lasifika da bargo, mutum ya yi ta zargin feda.

Sauran: a fara shafa wa waya da fulogi dalma daban-daban kafin a haɗa su, ƙarfen narka dalma ya kai wajen digiri 350 na Salshiyas, kuma kada a daɗe, don zafi yana narka robar tsakiya.

Tsawo fa?

A auna daga rami zuwa rami, a ƙara santimita biyu ko uku. Waya ta yi ɗan baka, kada ta miƙe ƙam. Su kuma ƙarafan nan masu kai biyu da ba su da waya a tsakani, a guje su. Ana taka feda ɗaya, sai su murɗe ramin ta kusa, a hankali dalmar da ke cikin fedar ta tsage. Gyaran ya fi kuɗin waya nesa ba kusa ba.

Yaya ake kama mai laifi?

Da maltimita, na'urar awon lantarki. Kai zuwa kai, da jiki zuwa jiki, a ga ƙasa da om ɗaya (ma'aunin turjiyar lantarki). Kai zuwa jiki kada ta nuna komai. Ana awon ana lanƙwasa wuyan fulogin, domin wayar da ta fara ciwo takan ci jarrabawa in tana kwance. A wurin wasa kuma, a cire wayar da ke zuwa amfilifaya a soka ta a ramin fitar sauti na fedar tsakiya. In sauti ya dawo, laifin yana rabin da aka tsallake, na wajen amfilifaya, sai a sake raba shi biyu.

Wani lokaci wayar lafiyarta ƙalau, datti ne. Masu kiɗan biki a fili, daga Agadas har Kano, sun san abin da ƙurar hunturu ke yi wa ramuka. A goge fulogi da tsumma da ɗan sifirit, a soka a zare sau biyar ko shida. Sannan a ajiye wayoyi biyu na ko-ta-kwana a jaka, ɗaya mai santimita 15, ɗaya mai tsawon da zai tsallake feda guda in ita ce ta mutu.