Grindcore: Tarihin Kiɗan da Yadda Ake Sauraronsa

Grindcore salon kiɗa ne mai tsananin sauri da ƙara wanda ya kunno kai a Ingila da Amurka a tsakiyar shekarun 1980. Ya fito ne daga haɗuwar salo biyu, hardcore punk da kuma ɓangaren heavy metal mafi zafi. Ana gane shi da gajerun waƙoƙi, da yawansu ba sa kai minti guda, da ganguna da ake bugawa babu ƙaƙƙautawa, da jita mai kaurin amo, da murya mai kaiwa da komowa tsakanin gurnani da kururuwa. Lokacin da masoyansa ke kira zamanin asali gajere ne, daga wajajen 1986 zuwa 1990, kuma faya-fayen da suka kafa shi ana iya ƙirga su da yatsu.

Tushe

Kafin a sa wa kiɗan suna, ƙungiyoyi da dama sun riga sun share fage. A Ingila akwai Crass, waɗanda suka koya wa matasa cewa waƙa makamin siyasa ce kuma mutum zai iya buga faifansa da kansa ba sai ya jira babban kamfani ba. Akwai Discharge daga garin Stoke-on-Trent, waɗanda faifansu na 1982, Hear Nothing See Nothing Say Nothing, ya zo da gajerun baitoci kan yaƙi da makaman ƙare-dangi bisa kiɗa mai kaushi. A Amurka, ƙungiyar Siege daga jihar Massachusetts ta ɗauki kaset ɗinta mai suna Drop Dead a 1984, da saurin da ba a saba ji ba a lokacin. Nauyin amon kuwa an ɗebo shi daga irin su Celtic Frost na ƙasar Suwizalan.

Hanyar da waɗannan sautuka suka bi suka haɗu ita ce musayar kaset ta gidan waya. Matashi a Ingila zai kwafi kaset ya aika wa wani a Amurka ko Japan, shi ma a aiko masa da abin da bai taɓa ji ba, tare da wasiƙa da ƙananan mujallu da aka haɗa da hannu. Kowane kwafi yana ƙara dusashe sautin, har dusashewar da kaushin suka zama abin da kunnuwan matasan suka saba da shi kuma suke nema. Wannan yana cikin dalilan da suka sa faya-fayen farko ba su damu da tsabtar sauti ba.

Birmingham da Napalm Death

Birmingham gari ne na masana'antu, kuma shi ne ya haifi ƙungiyar heavy metal ta Black Sabbath tun a ƙarshen shekarun 1960. A zamanin mulkin Margaret Thatcher, daga 1979 zuwa 1990, masana'antu da yawa a yankin sun rufe, yawan marasa aikin yi a Birtaniya ya haura miliyan 3, sannan aka yi dogon yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985. A cikin wannan ƙunci matasan da suka kafa grindcore suka taso.

Nic Bullen da Miles Ratledge ne suka kafa Napalm Death a 1981 a ƙauyen Meriden, tsakanin Birmingham da Coventry, suna yara 'yan makaranta. Da farko kiɗansu irin na Crass ne. Abin ya sauya bayan shigowar Justin Broadrick a jita da kuma Mick Harris a ganguna a 1985. Harris ya ƙara wa kiɗan gudu har ya kai inda mafi yawan makaɗa ba sa iya binsa. Wurin da suka fi yin wasa shi ne The Mermaid, wata mashaya a unguwar Sparkhill, inda ƙananan ƙungiyoyin punk na gida da na waje ke haɗuwa.

Faifansu na farko, Scum, ya fito a 1987 ƙarƙashin kamfanin Earache na Digby Pearson da ke Nottingham. Yana ɗauke da waƙoƙi 28 cikin kusan minti 33, kuma a zahiri ƙungiyoyi biyu ne suka yi shi. Fuskar farko an ɗauke ta a 1986 da Bullen a murya da jitar bas, Broadrick a jita, Harris a ganguna. Kafin a zo ɗaukar fuska ta biyu a 1987, biyun farko sun tafi, Lee Dorrian ya karɓi murya, Bill Steer jita, Jim Whiteley jitar bas. Harris kaɗai ne ya buga a fuskokin biyu. Mai sauraro da ya natsu zai ji bambancin: fuskar farko tana da ragowar tafiyar punk da wuraren da kiɗan ke lafawa, ta biyu ta fi duhu da cunkushewa. A wannan faifai ne waƙar You Suffer take, mai tsawon daƙiƙa 1.316, wadda kundin bajinta na Guinness ya amince da ita a matsayin waƙa mafi gajarta.

Wanda ya fitar da su daga ƙananan ɗakunan wasa shi ne John Peel, mai gabatar da shiri a tashar BBC Radio 1. Ya riƙa sa waƙoƙinsu, ya kuma gayyace su situdiyon BBC a 1987, inda suka ɗauki waƙoƙi 12 cikin ƙasa da minti 6. Masu sauraro da yawa suna ganin waɗannan ɗauke-ɗauke na Peel sun fi faya-fayen kansu fito da ƙarfin ƙungiyar, domin injiniyoyin BBC sun bar kowane kayan kiɗa ya fito fili. Faifai na biyu, From Enslavement to Obliteration, ya biyo baya a 1988 da Shane Embury a jitar bas, ya kuma hau saman jadawalin faya-fayen ƙananan kamfanoni na Birtaniya. Shi ne aka fi ɗauka a matsayin cikakken samfurin salon.

Wani abin lura shi ne inda mutanen suka nufa daga baya. Broadrick ya kafa Godflesh, Dorrian ya kafa Cathedral, dukansu biyu masu kiɗa mai nauyi da tafiyar hawainiya. Harris ya bar ƙungiyar a 1991, ya kafa Scorn tare da Bullen, ya kuma yi aiki da John Zorn, mai busa saksafon na New York. Embury ne ya zauna, tare da Barney Greenway da ya karɓi murya a 1989.

Carcass, Repulsion da Terrorizer

Bill Steer yana da tasa ƙungiyar a yankin Liverpool, wato Carcass, tare da Jeff Walker da Ken Owen. Walker ne ma ya zana hoton bangon Scum. Faifansu na 1988, Reek of Putrefaction, ya ajiye siyasa gefe ya koma kan gawa da ruɓewar jiki, da kalmomin da aka tsinto daga littattafan likitanci. Sautinsa ya cakuɗe ainun, su kansu ba su gamsu da shi ba, amma Peel ya so shi. Symphonies of Sickness na 1989 ya fi tsari da tsawon waƙoƙi. 'Yan ƙungiyar ba sa cin nama a lokacin, kuma ana karanta aikinsu a matsayin tunatarwa cewa jikin mutum da na dabbar da ake yankawa nama ɗaya ne. Daga gare su reshen da ake kira goregrind ya tsiro.

Repulsion 'yan garin Flint ne a jihar Michigan, wani garin masana'antar motoci da ya durƙushe. Sun ɗauki waƙoƙinsu a 1986, suka watse ba tare da sun sami kamfani ba, kaset ɗin ya ci gaba da yawo hannu zuwa hannu har ya isa Ingila. Sai a 1989 aka fitar da shi da sunan Horrified, a ƙaramin kamfanin Necrosis na 'yan Carcass. Amon jitar bas ta Scott Carlson, mai kaushi da kauri, ya zama abin koyi ga kusan duk wanda ya biyo baya. Idan aka duba shekarar ɗauka, wannan faifai sa'an Scum ne, kuma ya cancanci matsayi daidai da nasa.

Terrorizer daga Los Angeles su ma sun riga sun watse lokacin da aka tara su suka ɗauki World Downfall a 1989 a situdiyon Morrisound da ke Tampa, jihar Florida. Pete Sandoval ne a ganguna, Jesse Pintado a jita, Oscar Garcia a murya, David Vincent na ƙungiyar Morbid Angel a jitar bas. A cikin faya-fayen zamanin asali shi ne ya fi tsabtar sauti. Pintado ya koma Napalm Death daga baya, ya rasu a 2006.

A cikin ƙungiyoyin zamanin asali akwai kuma Extreme Noise Terror daga Ipswich, S.O.B. daga Osaka, da Agathocles daga Beljiyam.

Siffofin kiɗan

Ginshiƙin salon shi ne bugun da ake kira blast beat. Makaɗi yana saɓa bugun babbar gangar ƙafa da na ƙaramar gangar gabansa, ɗaya bayan ɗaya, yana haɗawa da kuge, da gudun da ke iya wuce bugu 200 a minti. Ana sassauta tsirkiyar jita domin amonta ya yi ƙasa, a kuma bi da sautin ta na'urar da ke ƙara masa kaushi. Waƙoƙin ba su cika bin tsarin baiti da amshi ba. Sau da yawa karin jita biyu ko uku ne kawai, a buga su, a tsaya cak.

Sauraro

Wanda ya fara jin grindcore yakan ji kamar ya shiga ɗakin injin niƙa, ƙara ɗaya ce babu farko babu ƙarshe. Wannan ba ya daɗewa idan mutum ya san inda zai sa kunne. Tsofaffin masu sauraro sukan ba da shawarar a fara bin ganguna. Idan kunne ya kama ƙaramar gangar, sai ya gane lokacin da makaɗi ya bar bugun gudu ya koma tafiyar punk, da lokacin da ya sake komawa. A waɗannan sauye-sauye daɗin kiɗan yake. Gudun yana tara nauyi a ƙirji, lafawar ta sauke shi, kuma ƙungiyoyin da suka ƙware an san su ne da sanin daidai lokacin da za su lafa.

Bayan ganguna sai jita. A ƙarƙashin kaushin akwai kari mai tsari, wani lokaci mai sauƙin riƙewa, kuma World Downfall ne ya fi saurin nuna wannan, shi ya sa ake yawan cewa a fara da shi. Daga nan sai Horrified, sai ɗauke-ɗauken Peel, sannan Scum da From Enslavement to Obliteration. Reek of Putrefaction ya fi dacewa da kunnen da ya riga ya saba.

Faifai ake saurara gaba ɗaya. Waƙa mai daƙiƙa 20 ba ta da wani tasiri ita kaɗai, amma idan ta zo bayan mai minti biyu, wata ta bi ta babu tazara, sai a ga an jera su ne da lissafi. Tunda yawancin faya-fayen ba su fi rabin awa ba sosai, zama ɗaya ya isa.

Kalmomin ba sa fitowa ta murya, kuma da gangan aka yi haka. Muryar kayan kiɗa ce kamar sauran, saƙon kuma yana rubuce a takardar da ke cikin faifan. Wanda ya karanta ta Napalm Death zai tarar da suka kan manyan kamfanonin duniya, wariyar launin fata, danne mata, yaƙi da zaluntar dabbobi. Karanta takardar yayin sauraro yana sauya yadda ake jin kururuwar, domin sai a gane fushin yana da inda ya dosa. Ya kamata mai sauraro ya sani cewa baitocin reshen goregrind da hotunan bangonsa suna da tayar da hankali.

A wuraren wasa ƙarar takan kai matakin da ke lahanta ji, don haka ana amfani da abin toshe kunne.

Saɓani

Ana danganta sunan salon da na bugun blast beat ga Mick Harris. Kan wanda ya fara yin bugun kansa ba a daidaita ba: wasu na ambaton Asocial na Siwidin, wasu D.R.I. na Amurka, wasu Siege ko Repulsion. Haka nan an rabu kan faifan Napalm Death na 1990, Harmony Corruption, wanda aka ɗauka a Morrisound. Wasu na ganinsa ci gaba, wasu na ganin ƙungiyar ta koma death metal, wani reshen heavy metal na daban.

Bayan 1990

Brutal Truth, wadda Dan Lilker ya kafa a New York a 1990, da Assück daga Florida sun riƙe salon a shekarun da suka biyo baya. A Siwidin, Nasum daga garin Örebro sun sabunta shi da faya-faye irin su Helvete na 2003, kafin mawaƙinsu Mieszko Talarczyk ya rasu a ambaliyar tsunami ta Disambar 2004 a Tailan. Discordance Axis da Pig Destroyer a Amurka, Rotten Sound a Finlan da Wormrot a Singafo suna cikin waɗanda aka fi ambata. Bikin Obscene Extreme, wanda aka fara a 1999 a Jamhuriyar Cek, ana yin sa a garin Trutnov. Napalm Death na ci gaba da wasa, ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗanda suka buga a Scum ba.