Kiwon lafiya kyauta da jigilar marasa lafiya a jihar Maradi

Kiwon lafiya kyauta da jigilar marasa lafiya a jihar Maradi su ne tsare-tsaren da gwamnatin Nijar da ƙananan hukumomi da jama'ar gari suke bi don ɗauke wa majinyaci kuɗin magani, da kuma kai shi asibiti na gaba idan ciwo ya fi ƙarfin inda yake. An saba ambaton abubuwan biyu tare, amma ba aljihu ɗaya ke biyan su ba. Kuɗin aikin likita, ga waɗanda doka ta yafe wa, yana wuyan baitulmalin ƙasa. Kuɗin hanya kuwa, wato gazuwal da gyaran mota da ɗan abin direba, galibi yana fitowa ne daga asusun da mutanen gunduma suka tara, ko daga aljihun dangi. Mace na iya samun tiyatar haihuwa ba ta biya ko dala ba, alhali mijinta ya sayar da akuya kafin motar da za ta kai ta ta tashi.

A ƙidayar 2012 jihar tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400. An kasa ta gundumomin lafiya tara: Maradi birni, Madarunfa, Gidan Rumji, Dakoro, Barmo, Mayahi, Tasawa, Agye da Gazawa.

Matakan jinya

A ƙasa akwai ɗakin shan magani na ƙauye, wanda ake kira kaz. An gina mafi yawansu daga 2001, ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Mamadu Tanja. Ma'aikacin kaz yana gwajin zazzaɓin cizon sauro, yana maganin gudawa da ciwon haƙarƙari na yara, abin da ya wuce haka sai ya tura gaba. Sama da kaz akwai cibiyar lafiya ta CSI, wadda mutane ke ce wa likita kawai, shugabanta kuma manjo. Nan ake awon ciki da rigakafi da karɓar haihuwar da ba ta zo da gardama ba. CSI ba ta tiyata, ba ta ƙarin jini. Waɗannan biyun aikin asibitin gunduma ne, kuma saboda su ne ake ɗaukar mafi yawan marasa lafiya a mota.

A birnin Maradi akwai babban asibitin jiha na CHR, da cibiyar kula da uwa da yaro, da asibitin ƙwararru da aka gina daga baya. Abin da ya gagara a nan sai Damagaram, kilomita kusan 240, ko Yamai, sama da kilomita 650 a kan babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1.

Abin da aka yafe

Bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, Nijar ta koma tsarin majinyaci ya biya wani kaso, dokar 1995 ta tabbatar da haka. Kowace likita tana karɓar kuɗin tikiti, ta sayi magani da shi, kwamitin COGES da mutanen gari suka zaɓa yana sa ido a kan akwatin. Magani ya samu a kanta, amma talaka ya ja baya, ana ta jiƙe-jiƙe a gida har sai yaro ya galabaita.

Daga 2005 aka fara yafewa. Tiyatar haihuwa ce ta farko, a 2006 aka ƙara da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da tazarar haihuwa, sannan sankarar mama da ta mahaifa suka biyo baya. Mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙasar ya sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma jinya kyauta tana cikin manyan dalilan, tare da gidan sauro da maganin tamowa. A watan Agusta na 2024 hukumomi suka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi daga 1 ga Satumba, suka mai da haihuwa kyauta, suka soke kuɗin ajiya na sefa 150,000 da masu wankin ƙoda suke biya. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu tsarin, inda gwamnati ke ɗaukar kashi 80 cikin 100. Wanda ba shi da ko ƙwandala yana iya neman takardar shaidar rashi a ofishin magajin gari.

Kalmar kyauta ta rikita mutane da yawa. Ba a ba likita magani tun farko don ta raba. Likita ce ke yin aiki da nata maganin, ta rubuta kowane yaro a rajista, ƙarshen wata ta haɗa takardar neman biya. Takardar ta je gunduma a tantance, ta wuce ofishin lafiya na jiha, ta isa Yamai, kuɗi kuma su biyo hanyar su dawo. Shekara da shekaru biyan yana makara, wani lokaci har fiye da shekara guda. A CSI ta karkara yara da masu ciki su ne mafi yawan masu zuwa, don haka in kuɗinsu ya maƙale akwatin ya bushe, ba a iya sabunta oda a ONPPC, hukumar da ke sayar wa likitoci magani. Sai a duba yaro kyauta, a miƙa wa uwarsa takardar magani ta je ta saya a waje. Domin warware wannan ƙulli ne aka kafa hukumar INAM, wadda aka ɗora wa tantance takardu da biyan kuɗin jinya kyauta.

Dala ashirin ta mota

Motar asibiti mallakar gwamnati ce ko kyautar masu tallafi, amma kasafin da ke zuwa gunduma bai isa ya shayar da ita ba. Dabarar da gundumomi da dama suka ɗauka ita ce ƙara sefa 100, wato dala ashirin, a kan tikitin mai zuwa ganin likita. Kuɗin ba ya shiga akwatin magani. Asusunsa daban ne, ana tattara na dukkan CSI a gunduma, kuma bai kamata a taɓa shi ba sai da hannu biyu, na likitan gunduma da na wakilin jama'a. Wanda ya zo da ciwon kai ya biya wa mai naƙudar da bai sani ba, ranar da ta faɗo kansa wasu sun riga sun biya masa.

Lissafin ba shi da wuya. A ce CSI tana kilomita 40 daga asibitin gunduma, motar kuma a can take kwana. Zuwa da dawowa kilomita 80 ne. Land Cruiser, wadda ita ce aka fi amfani da ita, tana shan kusan lita 15 a kilomita 100 in hanya ta rairayi ce, wato lita 12 ke nan. A farashin da ya ɗan haura sefa 600 lita, kusan jika bakwai da rabi ne, tikitin mutum 75 don tafiya ɗaya, ba a sa taya da juyen baƙin mai ba. Shi ya sa asusun bai tsayuwa in kowace likita ta riƙe nata: ta kusa da gari mai yawan jama'a kuɗinta ya yi ragi, ta nesa mai ƙarancin mutane kuma ita ce ta fi bukatar doguwar tafiya. Sai an gama su a tukunya ɗaya.

Asusun kan mutu ta hanyoyin da aka sani. Mai karɓar kuɗi ya jinkirta zubawa. A ranci kuɗin mota a sayi magani da niyyar mayarwa in na Yamai ya zo. A fita da motar zuwa taro ko ɗaukar gawa ba a rubuta a littafin tafiya ba. Ƙaramar hukuma ta yi alkawarin gudummawa a kasafi ba ta zuba ba. Motar da ke zaune a kan duwatsu a bayan asibiti, ƙura ta rufe gilashinta, sau da yawa batir ne ko famfon mai ya kwantar da ita.

Yadda ake tura majinyaci

A ɗauki mai ciki da aka kawo CSI da dare tana jijjiga, jininta ya hau. Kafin a yi zancen mota, ungozoma za ta kwantar da ita a gefen hagu, ta sa mata allurar ƙarin ruwa, ta ba ta maganin jijjiga na sulfat ɗin magneziyom: giram 4 a jijiya sannu a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Ta sa robar fitsari, ta rubuta lokacin. In zubar jini ce bayan haihuwa, a ba da oksitosin, a murza mahaifa, a buɗe jijiya da babbar allura, domin irin wannan jinin yana iya kashe mace cikin awa biyu. Yaron da zazzaɓi ya sumar, wanda ba ya iya haɗiya, ana sa masa artesunat ta dubura kafin a tashi, a kuma kiyaye sukarin jininsa kada ya faɗi a hanya. Mai tamowa a lulluɓe shi, ko da zafi ake yi, don jikinsa ba ya riƙe ɗumi.

Sannan manjo ya kira asibitin gunduma, ba direba kaɗai ba. Kiran yana da amfani biyu: a taso da mota, a kuma tabbatar akwai mai tiyata da jini a can. In babu, gara a zarce Maradi kai tsaye da a sauka a sake lodi. Sai takardar turawa: suna da shekaru, abin da aka gani, maganin da aka bayar da adadinsa da ƙarfe nawa. Takardar da ba ta da lokaci tana iya sa a maimaita magneziyom da wuri, numfashin mace ya tsaya. Ƙasan takardar na asibiti ne, ya cika ya mayar wa CSI don ta san yadda aka ƙare, kuma wannan ɓangaren shi ne aka fi mantawa.

Ya kamata ma'aikacin lafiya ya zauna a baya tare da majinyaci. A CSI mai ma'aikaci ɗaya ko biyu hakan na nufin rufe likita, sai a bar tsohuwa riƙe da ledar ƙarin ruwa, ba ta san ta ƙare ba. Dangi kuma kada su cika motar da tabarmi da kwanuka. Waɗanda ake so su ne mutum biyu masu ƙarfi da za su iya ba da jini, da wanda zai iya amincewa da tiyata. Sau da yawa jinkirin ba na mota ba ne. Manjo ya ce, "Baba, sai an kai ta gaba," a amsa masa cewa maigidan yana Kano ko Agadas, sai an same shi a waya.

Hanya da lokaci

Motar asibiti iyakarta CSI, ba ta shiga ƙauye. Daga ƙauye zuwa CSI aikin amalanke ne da kabu-kabu, kuma wannan zangon babu asusun da ke biyan sa. Kilomita 10 a amalanken shanu awa biyu ne ko fiye. A arewa, wajen Dakoro da Barmo, nisa da rairayi ne matsalar, Dakoro kanta tana da kilomita kusan 120 daga Maradi. A kudu ruwa ne: in Gulbin Maradi ya kawo, ƙauyen da ake hangen fitilun gari daga cikinsa sai an yi dogon zagaye.

Damina ce kuma lokacin da aka fi bukatar motar. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna haɗuwa, ɗakunan yara su cika har a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa wata-wata ga yara daga wata 3 zuwa 59 yana rage nauyin. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda take aiki a jihar tun 2001, tana tallafa wa jinyar yara a Madarunfa da Ɗan Isa, inda iyaye mata daga Jibiya da Katsina ma suke tsallakowa da 'ya'yansu. Tun 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga a bakin iyaka, a gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji, sun sa wasu hanyoyin ba a bin su da dare, sai a riƙe majinyaci a CSI har gari ya waye.

Cikin birnin Maradi lamarin daban ne. Hatsarin hanya 'yan kwana-kwana ake kira a lamba 18, amma mafi yawan marasa lafiya a adaidaita ko motar maƙwabci suke isa asibiti. Tafiya daga Maradi zuwa Damagaram ko Yamai ba ta cikin asusun dala ashirin na gunduma, kuma ga wanda ba ma'aikaci ba kuɗin man yakan koma wuyan dangi.