Me ake nufi da "harba-ka-ruga"?

Duk mai sauraron labaran Zamfara ya saba jin an ce jami'an tsaro sun kama "bindigogi ƙirar gida", ko kuma 'yan sa-kai sun fita da harba-ka-ruga. Sunan ya bayyana kansa: ka harba sau ɗaya, sannan ka nemi hanya, domin kafin ka sake ɗura bindigar abin da ka harba ya iso kanka idan bai faɗi ba. Wasu kan taƙaita su ce harba-ruga. Wanda ya raɗa sunan nan ya san halin bindigar sarai, ba ya kuma yi mata kara.

Asalinta ita ce bindigar toka, wadda ake kira adaka. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a dandanna, a sa abin harbi. Irinta ta shigo Afirka ta Yamma ne ta hannun Turawa 'yan kasuwar bakin teku, har Turawan Ingila suka laƙaba mata sunan mutanen Denmark, wato "Dane gun". Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta da kansu. Da ita maharba ke shiga daji, da ita kuma 'yan bindigar sarki ke cika gari da ƙara da hayaƙi a hawan salla. Abin ban takaici, a da idan an ce 'yan bindiga waɗannan bayin Allah ake nufi, masu raka sarki. Yau ka faɗi kalmar a Tsafe ko Maru ka ga yadda fuskoki ke canzawa.

Amma sunan bai tsaya kan adaka ba. Maƙera sun fito da sabuwar ƙira wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi mai kwanso guda ɗaya, kamar bindigar farauta ta Turawa. Ita ma harba-ka-ruga ake ce mata, tunda ɗaya take ci ɗaya take fitarwa. A nan ne gardamar maharba take, kuma gardama ce mai daɗin ji idan ka zauna cikinsu.

Dattawa na tare da adaka. Hujjarsu ita ce arha da saukin sha'ani: albarushi bai kai harsashi tsada ba, maharbi ne ke auna abin da zai zuba gwargwadon naman da ya fita nema, na zabo daban, na gada daban. In ta lalace, maƙerin unguwa ya gyara. Samari kuma su ce wannan duk labarin rani ne. Bari damina ta sauka, albarushi ya sha sanyi, ka ja kunama ta yi maka shiru. Mai kwanso ba ruwanta da raɓa, kuma ana sake ɗura ta cikin ɗan lokaci. Sai dattijo ya tambaya: nawa ake sayar da harsashi ɗaya yanzu, ina kuma za ka same shi ba tare da ka jawo wa kanka tambayoyi ba? A ganina kowa da gaskiyarsa, sai dai akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika son taɓowa ba, wato ƙarfen. Bindigar masana'anta ana gwada ƙarfin bututunta kafin ta fita kasuwa. Ta maƙera ba mai gwada ta sai mai ita, shi ya sa ba baƙon abu ba ne ka ga tsohon maharbi da guntun yatsa. Arha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Duk wannan a fagen farauta ne. Da matsalar tsaro ta zo, sunan ya ɗauki wani nauyi na daban. Wanda ke dajin Sububu ko Kuyambana yana riƙe da AK-47, ƙirar Mikhail Kalashnikov ta 1947, mai cin harsashi 30 a ɗuri ɗaya, mai kai wa mita ɗari uku ba wuya. Mutumin ƙauye kuma yana da harbi ɗaya tak, wanda ba ya nisa. Idan ka ji ɗan banga ya ce "mu da harba-ka-ruga muke fita", ba bayanin ƙirar bindiga yake maka ba, kuka yake kai maka.

Ta fuskar doka, Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Irin su AK-47 haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi tana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Wadda ake ɗurawa ta baki kuma lasisinta na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ke nan adaka da mai kwanso, duk da suna ɗaya suke amsawa a bakin mutane, ba aji ɗaya doka ta sa su ba, kuma ƙera kowace ba tare da izini ba laifi ne.

A watan Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kansu. Hukumomin tsaro ba su yarda ba, 'yan sanda suka ce dakatarwar da aka yi wa bayar da lasisi tana nan. A Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau, don a mayar da aikin sa-kai ƙarƙashin gwamnati. A ƙauyukan da askarawan ba su kai ba, har yanzu harba-ka-ruga ce a jingine bayan ƙyaure.